Muhawara: Shin hulɗar sarakunan Larabawa da Isra'ila ta amfani Falasɗinawa?

Auwal: Assalamu alaikum. Ni a ganina sarakunan da suka ƙulla hulɗa da Isra'ila sun fi masu ƙaurace mata amfani ga Falasɗinawa. Wanda kuke gaisawa da shi, shi kake iya ja wa kunne. A 2020 Firaministan Isra'ila Netanyahu na shirin haɗe wani sashe na Gaɓar Yamma da Isra'ila, sai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa dakatar da shirin cikin sharuɗɗanta, kafin ita da Bahrain su sa hannu kan yarjejeniyar ƙulla hulɗa da Isra'ila a Washington ranar 15 ga Satumba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Auwal, a ranar da aka sanar da yarjejeniyar Netanyahu ya faɗa wa mutanensa cewa shirin yana nan, jinkirta shi kawai aka yi. Kuma ginin matsugunan 'yan kama-wuri-zauna bai tsaya ba. Dubi abin da kowa ya tafi da shi gida. Maroko ta sa hannu a Disamban 2020, Amurka ta amince da ikonta a kan Yammacin Sahara. Abu Dhabi, babban birnin Daular Larabawa, ta nemi jiragen yaƙi na F-35, ta kuma ƙulla yarjejeniyar ciniki da Isra'ila a 2022. Bahrain tsoron Iran ne ya tura ta. A wannan rabon ina kason Bafalasɗine?

Hajiya Binta: Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai matsayar da aka taru a kanta. A taron Beirut na 2002, Yarima Abdullahi na Saudiyya, kafin ya zama sarki, ya kawo tayin da ƙasashen Larabawa suka amince da shi: Isra'ila ta janye zuwa iyakokin 1967, a kafa ƙasar Falasɗinu mai babban birni a Gabashin Ƙudus, sannan kowa ya ƙulla hulɗa da ita. Wannan ce hajar da ke hannunsu, kuma darajarta tana cikin sayar da ita tare. Da kowa ya bi ta bayan gida ya yi nasa cinikin, me zai sa Isra'ila ta biya farashin da aka yanka?

Dakta Nura: Hajiya, ina tare da ke, amma kada mu zuba su duka a kwando ɗaya. Na yi karatu a Jordan. A unguwarmu a Amman sau ɗaya a mako ake sako ruwan famfo, kowane gida da tankinsa a saman rufi, ranar ruwa kuwa mata na ta wanki har dare. Yarjejeniyar da Sarki Husaini na Jordan ya yi da Firaministan Isra'ila Rabin a 1994 ta ƙunshi rabon ruwa, ta kuma amince da matsayin masarautar a kan wurare masu tsarki na Musulmi a Ƙudus. Ƙasar da ke iyaka da Isra'ila, cike da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ba daidai take da Dubai ba, wadda babu ƙishirwar da ta tilasta mata.

Auwal: To Dakta, ka ƙarfafa maganata ke nan. Ba don wannan takardar ba, da wace hujja Jordan za ta riƙe kula da Masallacin Aƙsa?

Malam Sani: Tana riƙe da shi tun kafin takardar, ɗan'uwa. Kuma da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, iyakar abin da ta iya shi ne kiran jakadanta gida da jefa kayan agaji daga sama. Ita Daular Larabawa ko ofishin jakadancinta ba ta rufe ba. Idan akwai kunnen da za a ja, ai lokacin ne.

Hajiya Binta: Saudiyya ce abin dubawa. A Satumban 2023 Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya ce kullum suna ƙara kusantar yarjejeniya da Isra'ila. Bayan shekara guda ya tsaya gaban Majalisar Shura ya ce babu hulɗa sai an kafa ƙasar Falasɗinu. Har yau ana zarya zuwa Riyadh ne saboda ba ta sa hannu ba.

Auwal: Yaya Binta, amma wa ya shiga tsakani aka tsagaita wuta? Ƙatar da Masar, masu magana da kowane ɓangare. Kuwait ta ƙi hulɗa sam, ban ga fursuna ɗaya da ta sa aka sako ba.

Malam Sani: Ƙatar ba ta da jakada a Isra'ila, ka ga ana iya magana ba tare da an miƙa wuya ba. Duk da haka, da sansanin sojan Amurka na Al Udeid a ƙasarta, Isra'ila ta kai hari Doha ranar 9 ga Satumban 2025 tana neman shugabannin Hamas da ke nazarin tayin sulhu. Ka kawo mana abu ɗaya da Daular Larabawa ko Bahrain ta hana aukuwa a Gaza, Auwal, sai mu ci gaba daga nan.