Yadda za ka ji daɗin labarin binciken kisan kai

Da masu son labaran binciken laifi suka tattauna, shawarar farko ba ta jawo gardama ba: kada ka leƙa shafin ƙarshe, kada ka yarda wani ya faɗa maka.

Inda aka daɗe shi ne batun adalcin marubuci. An kawo ƙa'idoji 10 da Ronald Knox, wani limamin coci ɗan Ingila, ya fitar a 1929. A cikinsu akwai cewa a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a warware al'amarin da sihiri, kuma kada tagwaye su ɓullo kwatsam ba a share fage ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Marubucin da ya ɓoye shaida har babin ƙarshe bai yi gwaninta ba, ha'inci ya yi.

Sai ƙananan abubuwa, wurin da daɗin yake. Agogon da ya tsaya, ɗakin da aka kulle ta ciki, baƙon da ya rantse barci yake yi alhali takalminsa duk laka. Wanda ake ta nuna maka da yatsa tun babi na biyu yawanci ba shi ba ne. Mai ba da labarin ma kada ka saki jiki da shi, yakan faɗi gaskiya ya tsallake minti 10 da suka fi muhimmanci.

An rabu kan rubuta sunayen waɗanda ake zargi a takarda. Wasu sun ce yana kaifafa tunani, wasu kuwa sun ce karatu ya koma jarrabawa ke nan.