Kare ya bi ɗana, na ɗaga waya, magana ta koma kan wayar

Maman Haidar, Manchester

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya same ni ranar Asabar ya hana ni sukuni, shi ya sa na kawo shi nan. Na fita da Haidar da ƙanwarsa filin shan iska na bayan unguwarmu. Haidar shekararsa huɗu. Yana tsaye da biskit a hannu sai ga wani jan kare a guje, ba igiya a wuyansa. Yaro ya zura, kare ya bi shi, ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Tsakani da Allah bai cije shi ba, lasar hannunsa ya yi ya ɗauke biskit ɗin. Mai karen wata dattijuwar Baturiya ce, ta taho a hankali tana cewa ai ba ya cizo, wasa yake so. Ni kuwa jikina sai ɓari yake. Na ce ta ɗaure shi, ta ce a wannan filin ba dole ba ne. Sai na ciro waya na fara ɗaukarsu.

Nan take fuskarta ta sauya. Ta ce in goge, wa ya ba ni izinin ɗaukarta? Mutane suka fara taruwa, kuma a cikinsu babu wanda ya dubi gwiwar ɗana da ke jini, kowa wayata yake kallo. Bidiyon yana nan, ban tura wa kowa ba. Maigida ya ce in goge, ƙawata ta ce in saka a TikTok ta gane kurenta. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labarin yadda ya ƙare.

Ɗan Fagge, Birmingham

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara wa yaro lafiya. A Ingila babu dokar da ta hana ɗaukar hoton mutum a filin jama'a, don haka ba ki yi laifi ba. Ita ma wataƙila tana da gaskiya a kan igiya, domin kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ita ce ke tsara wa kowane fili ƙa'idarsa. Ki koma ki karanta allon da ke bakin ƙofa. Wurin lilon yara da aka kewaye, galibi an hana kare shiga gaba ɗaya. Amma akwai abin da ba ta faɗa miki ba: a dokar karnuka masu haɗari ta 1991, ba sai kare ya ciji mutum ba, idan ya sa mutum tsoron zai ji masa rauni to ana iya ɗaukarsa ya fi ƙarfin mai shi.

Ni tawa rigimar ta kashin kare ce. Kusan kullum in na fito sallar asuba sai na taka shi a bakin ƙofa, in koma in canza takalmi. Na gane mai karen, raina ya so in ɗauke shi hoto in watsa a zauren unguwa na Facebook. Ban yi ba. Na rubuta ranaku da lokuta, na ɗauki hoton ƙazantar, na aika wa kansil. Tarar nan take tana kaiwa fam 100, in an je kotu har fam 1,000. Bayan 'yan makonni abin ya tsaya. Har yau muna gaisawa da mutumin.

Baban Nana, Bronx

Maman Haidar, kada ki goge. Ku tuna abin da ya faru nan New York ranar 25 ga Mayu, 2020, ranar da aka kashe George Floyd. Wani baƙar fata mai kallon tsuntsaye, Christian Cooper, ya roƙi wata farar mata ta ɗaure karenta a wani sashe na Central Park inda doka ta ce dole a ɗaure. Ta kira 'yan sanda ta ce wani baƙar fata yana yi wa rayuwarta barazana. Ba don yana ɗaukar bidiyo ba, maganar wa za a yarda da ita? Washegari aka kore ta daga aiki. Ni tun daga lokacin, da an fara ɗaga min murya a titi wayata ke fitowa. Sau ɗaya wani ya ce na shuri karensa a bakin shago, alhali karen ne ya nannaɗe min ƙafa da igiya. Da na nuna wa mai gadin abin da na ɗauka, magana ta mutu.

Yaya Binta, Kano

Bari in yi magana a matsayin wadda aka taɓa ɗauka, domin na ga kowa daga bayan waya yake magana.

Shekara uku da suka wuce na kai ƙannena kallon Hawan Daushe. Rana ta yi zafi, cunkoso ya yi yawa, na samu gefe na zauna a kan dakali, na sassauta mayafi ina shan ruwan leda, kwallina duk ya zubo da gumi. Ban ga wanda ya ɗauke ni ba. Kwana biyu bayan haka wata 'yar ajinmu ta turo min hoton daga wani shafin Instagram, an rubuta wata maganar banza a ƙasa, mutane sun fi ɗari suna tofa albarkacin bakinsu a kan fuskata da jikina. A lokacin an kawo kuɗin gaisuwata. Hoton ya kai ga yayar wanda zan aura, ita kuma ta nuna wa mahaifiyarsu. Sai da Baffana ya je da kansa ya yi bayani. Auren ya yiwu, alhamdu lillahi, amma na yi wata guda ban leƙa ko ƙofar gida ba. Na roƙi mai shafin ya cire, ya cire, sai dai wasu sun riga sun kwafe. Har bara an sake turo min shi.

Wanda ya ɗauka zai ce ai a waje nake, ba a ɗakina ba. Haka ake faɗa a kan almajiran da baƙi ke ɗauka a bakin Kasuwar Kurmi da robar bara a hannu, babu wanda ya tambaye su ko iyayensu. To ni fitowa kallon dawaki na yi, ban fito don a yi tallan fuskata ba.

Maman Haidar, matar nan ba ta kyauta ba, ko kusa. Ya kamata ta fara ba yaro haƙuri kafin komai. Ki riƙe bidiyonki shaida in kina so. Amma don girman Allah kada ki saka a TikTok. In kin saka, ya bar hannunki ke nan, kuma waɗanda za su hukunta ta ba su san Haidar ba, ba su damu da gwiwarsa ba.

Ɗalibi, Hamburg

A Jamus sai a yi hattara. Suna da doka tun 1907 da ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, in ban da 'yan keɓantattun yanayi kamar taron jama'a. Wani abokina ya ɗauki wani mai kare a bakin tafkin Alster, mutumin bai yi hayaniya ba, cewa kawai ya yi in ya ga hoton a intanet lauyansa zai neme shi. A nan har haraji ake biya wa kare, suna ɗaukarsa ɗan gida.

Malam Abba, Zariya

Na ga ba a taɓo abin da ke tayar mana da hankali ba, wato tsarki. Da yawanmu in kare ya taɓa mana riga sai mu ɗauka sallah ta ɓaci. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarnin hadisi ne. Shafi'iyya ne suka tsananta a kan najasarsa. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya ɗaga dutse zai jefi karen makiyayi don ya shinshina masa buta, na riƙe hannunsa na karanta masa wannan. Hajiya, ki wanke wa yaro hannu da sabulu saboda lafiya, shi ke nan.

Mai kare, Kubwa

Ni ina da kare, kuma na san ba kowa zai so jin haka ba. Bayan ɓarayi sun haura mana sau biyu na samo shi. Ina fita da shi bayan asuba, da igiya, kafin yara su fito makaranta, katin allurar rigakafinsa yana aljihuna. Duk da haka wata rana wani maƙwabci ya laɓe a bayan get ya ɗauke ni, ya saka a zauren WhatsApp na unguwa ya rubuta cewa ga mai yawo da najasa a layin masallaci. Mutumin da muke sahu ɗaya da shi. Da ya tare ni ya ce Alhaji canza hanya, wallahi da na canza a ranar. Sai da mai unguwa ya zaunar da mu. Na canza hanyar, shi kuma ya goge, amma yarana sun sha tsokana a Islamiyya.

Sai dai ina ba masu tsoro gaskiya. A ƙasarmu cizon mahaukacin kare yana kisa, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi asibiti a ranar. Wanda ya taso da wannan a ransa, ba za ka ce masa "ba ya cizo" ka wuce ba.

Maman Haidar, Manchester

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗan Fagge, na koma na duba allon. An hana kare shiga wurin lilo, amma inda muka zauna ba a tilasta igiya ba. Na rubuta wa kansil abin da ya faru, na ce ina da bidiyo in suna buƙata. Yaya Binta, labarinki ya tsaya min a rai, na faɗa wa ƙawata ba zan saka ba.

Jiya na hango matar daga nesa, karen yana ɗaure. Ta gan ni, ba ta yi magana ba, ni ma ban yi ba. Damuwata yanzu Haidar ce. Ko a talabijin ya ga kare sai ya ɓoye a bayana, kuma ya ƙi yarda mu koma filin. Iyayen da yaransu suka taɓa firgita haka, yaya kuka yi tsoron ya sake su?