Kiɗan gogen Turawa zalla, ba ganga: da wanne zan fara?

Tela_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya san kiɗan nan na Turawa da ake yi da goge zalla, mutane da yawa kowa da gogensa, ba ganga ba mai waƙa? Yaron shagona ne ya kunna wani a waya muna ɗinkin dare, wai Tchaikovsky sunan mai shi, wallahi ya shige ni sosai amma na rasa inda zan kama shi, tunda ba ganga sai in ji kaman yawo kawai ake yi. Da wanne zan fara kuma yaya ake jinsa?

Malam_Asawase:
Wa alaikumus salam maigida. Ina zaton Serenade for Strings ka ji, a 1880 ya rubuta shi, kashi huɗu ne, na biyun kiɗan rawa ne, na ƙarshen kuma daga waƙoƙin gargajiyan Rasha ya ɗauko. Maganar ganga kuwa, aikinta na nan ciki, lasifikar waya ce ke cinye shi. Gogen iri huɗu ne, akwai biyolin, sai biyola da ta ɗan fi ta girma, sai chelo da ake sawa tsakanin gwiwoyi, sai babban bes da ya kai tsayin mutum, toh waɗannan biyun masu kaurin murya su ke riƙe da tafiyar, wani lokaci ma barin gogawa suke su riƙa tsinkar tsirkiyar da yatsa kana jin tum tum a ƙasa. Nemi iyafis mai kyau, ka bar bin siririyar muryar, ka bi ta ƙasan.

Hajiya_Nima:
Malam ka yi bayani, amma ni da Dvorak zan ce ya fara. Shi ma Serenade for Strings sunan nasa, na 1875 ne, ya fi sauƙin shiga kunne, farkonsa a hankali yake zuwa ba hayaniya. In ya zauna maka sai ka je Serenade na Elgar ɗan Ingila, 1892, gajere ne, kashin tsakiyan nan ni har yau in na ji sai na tsaya da abinda nake yi. Kuma kar ka ɗauka fararen fata ne kaɗai a harkar, Samuel Coleridge-Taylor a Landan aka haife shi 1875 amma babansa ɗan Saliyo ne, yana da gajerun kiɗa guda huɗu na masu goge, Novelletten sunansu. Mu ma nan Accra muna da National Symphony Orchestra, ƙungiyar makaɗan ƙasa, tun 1959 zamanin Nkrumah, Philip Gbeho wanda ya yi kiɗan taken ƙasa yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ka gan su ido da ido ɗan'uwa, hannuwa duk su tashi tare su sauka tare, waya ba za ta ba ka wannan ba.

Dan_Tamale:
Ni a gidan masu gonje, wato gogenmu na gargajiya, na taso, kuma abinda ya ja ni shine su ma da izgar doki suke gogawa, su ma sai sun shafa mata ƙaro kafin ta kama tsirkiya. Bambancin namu tsirkiya ɗaya ce nasu huɗu. Yaya Tela in kunnenka ya saba ka nemi Metamorphosen na Richard Strauss. A 1945 ya yi shi yana da shekara 80, yaƙi ya rusa garuruwan Jamus har da gidan wasan Munich garinsu, masu goge 23 kowa da nasa layin, biyolin 10, biyola 5, chelo 5, bes 3, kusan rabin awa ana ta nitsewa cikin baƙin ciki, can ƙarshe sai na ƙasan su shigo da kiɗan makoki na Beethoven. Wannan kam ba na kan keke ba ne, sai ka rufe shago.

Tela_Aboabo:
Madalla, Allah ya saka. Zan fara da na Dvorak ɗin daren nan. Hajiya dan Allah in kin ji ranar da za su yi wasa ki sanar da ni da wuri in shirya zuwa Accra.