Wai tunda an samo maganin sikila, sai a daina hana auren AS da AS?

Baban Hanif: Salamu alaikum jama'a. Kun san dai Ingila da Amurka sun amince da maganin sikila tun ƙarshen 2023, Casgevy sunansa, Saudiyya ma ta bi sahu. To ni a ganina lokaci ya yi da za a daina raba masoya saboda AS da AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da suna ciwon ba, ƙanina shekara biyu yana neman yarinya daga ƙarshe gwaji ya raba su, ga shi kuma magani ya fito

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Baban Hanif don Allah kar ka yaɗa wannan maganar. Ni ce mai ɗiya SS a gida, ni na san daren da ciwon ƙashi ke tashi tana ihu ba inda za ka taɓa a jikinta, ka san kuɗin maganin da kake magana? Dala miliyan 2.2 a Amurka, na mutum ɗaya. Mu nan hydroxyurea ma, maganin rage tashin ciwon, wani watan sai an yi rance

Baban Hanif: Allah ya ba ta lafiya Maman Ilham, wallahi ban raina wahalarku ba. Amma ai komai da tsada yake farawa, wayar hannu ma da ta zo wa ke iya riƙewa

Anti Nas: Ƙanina bari in gyara maka wani abu, ba ƙwaya ba ce ko allura da za a kawo kyamis. Ƙwayoyin da ke haifar da jini ake ɗiba daga jikin mara lafiyan, a kai su dakin bincike a yanke wani wuri a ƙwayar halitta mai suna BCL11A da fasahar gyaran ƙwayar halitta ta CRISPR, sai jiki ya koma yin irin himogulobin ɗin (sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini) da jariri ke da shi tun yana ciki, shi wannan ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta zama lauje. Kafin a mayar masa da su kuma sai an ba shi kemo mai ƙarfi, busulfan, an share tsohon ɓargon, ya yi makonni a kwance a asibiti, kuma kemon nan na iya hana mutum haihuwa gaba ɗaya

Malam Auwalu: Duk da haka Anti a yi wa binciken adalci. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara cur ba ciwo mai tsanani. Victoria Gray da aka fara yi wa a 2019 ta fito da bakinta ta ba da labarin yadda rayuwarta ta canja. Wannan ba ƙaramin abu ba ne

Anti Nas: Ban musa ba Malam, ni ma na yi murna sosai. Abin da nake so Baban Hanif ya gane shi ne ɓargo kawai aka gyara, ƙwayar haihuwa tana nan yadda take, wanda aka yi wa maganin zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S, ƙwayar sikilar. Kuma AS da AS kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne ya zo SS, kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba

Baban Hanif: Wannan na gado gaskiya ban sani ba. Amma har yanzu ina kan bakata a kan tilastawa, dokar da Kano ta kafa a 2024 ta gwaji kafin aure ta yi tsauri, a faɗa wa mutane gaskiya su zaɓa da kansu mana

Maman Ilham: Su zaɓa, wa zai sha ciwon? Ilham ba ta zaɓi komai ba. Kuma maganin daga shekara 12 aka amince a fara yin sa a 2023, yara nawa ne a ƙauyukanmu ba sa kai shekara biyar

Malam Auwalu: Anti wani asibiti a Najeriya na yin shi kuwa?

Anti Nas: Dashen ɓargo dai an yi a Benin ta jihar Edo tun 2011, shi kuma galibi sai an samu ɗan'uwa da ɓargonsu ya dace. Ina kan aiki yanzu, in na sauka zan yi muku bayaninsa