Murhun sibirto a jirgin ruwa mai tafiya da iska: wa ya taɓa girki da shi?

Ɗan Sawakin: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani Bature mai ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya yada zango a Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, zai haura Masar, ya ɗauke ni aikin girki. Na leƙa kicin ban ga tukunyar gas ba, sai wani murhu mai kai biyu, an rubuta Origo a jikinsa, wai sibirto yake sha, wato alkohol (spirit) na ƙonawa. Ni kuwa gawayi da gas na sani. Wanda ya taɓa aiki da shi ya taimaka, kada in ƙona wa mutum jirgi.

Kawu Kuku: Wa alaikumus salam, ɗana. Irinsa na yi shekaru ina fama da shi. Ɗaga saman murhun, za ka ga gwangwani mai faɗi ƙarƙashin kowane kai, shi ne tankin. Cikinsa cunkushe yake da wani abu kamar auduga mai shanye man, shi ya sa ko jirgi ya karkata ba ya zuba. Kowane ɗaya yana cin kamar lita 1.2, ya ba ka wuta ta awa huɗu da ɗoriya. Babu famfo, babu bututu. Abin murɗawar ma ba mai yake turowa ba, wani faifan ƙarfe yake ja ya buɗe bakin gwangwanin ko ya rufe.

In za ka zuba mai, ciro gwangwanin ka fita da shi waje, ka karkata shi, ka tsiyaya a hankali a kan ragar. Kuma sai ya huce. Wata rana da tsakar rana muna tsaye kusa da Sanganeb, wani tsibirin murjani a Bahar Maliya, na ga tukunya ta daina motsi, na ce mai ya ƙare. Na ɗaga murfi, ban ga komai ba, na kai hannu da gorar sibirto. Sai ƙaurin gashin hannuna na ji, bakin gorar ya fara lanƙwashewa. Ashe wutar tana nan! Shuɗiya ce fayau, hasken rana yana haɗiye ta. Allah ya sa akwai jiƙaƙƙen tawul a kafaɗata, na kifa shi a kai. Tabon na nan a wuyan hannuna. Tun ranar sai na miƙa tsinken tsintsiya a saman kan murhu, in ya kama to da wuta.

Baba Reyis: Kuku, ku kun samu na zamani. Namu na da mai famfo ne, ɗan'uwan risho mai iska. Tankinsa daban yake, sai ka buga masa iska, ka saki mai kaɗan a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kan, ka rufe, ka kunna wannan ya gasa ƙarfen. Sai ƙarfe ya yi zafi man ke zama tururi ya ci da kyau. Yaro ya yi gaggawa ya buɗe tun bai gasu ba, ruwan mai ya fito, wuta ta tashi har rufi. Labulen taga biyu muka rasa a haka.

Ɗan Sawakin: Baba, to me ya sa ba su sa gas su huta ba?

Baba Reyis: Gas ya fi iska nauyi, yaro. A gida in ya tsiyaya ƙofa zai bi ya fita. Jirgi kuwa kwano ne, can ƙasa zai kwanta wajen inji yana jiran tartsatsi ɗaya. Sibirto kuma yana gauraya da ruwa, don haka ruwa mai yawa na kashe shi. Ɗan kofi guda dai watsa shi zai yi. In akwai man girki a kasko, ka manta da ruwa, rufewa ake yi.

Yaya na Jidda: Ni fa ban yabe shi ba. Lita ɗaya ta ruwa sai ta ci minti goma kafin ta tafasa, waken ful kuwa in ba na gwangwani ba, ka shirya asarar mai. Ga tsada, ga wuyar samu a nan gaɓar tamu. Na taɓa sayen na kemis, mai kashi 70, sauran duk ruwa ne, wutar kamar ta mai jin barci. Nemi mai kashi 90 zuwa sama. Wani kuma metanol ne, dafi ne mai makantarwa, kada ka juye shi a gorar ruwan sha.

Kawu Kuku: Yayanka ya yi gaskiya kan jinkirin. Na manta abu ɗaya: akwai wata roba zagayayya da ake ɗorawa a bakin gwangwani in ya huce. Da zafin Bahar Maliya, in ba ka rufe ba, kwana kaɗan ka tarar man ya bi iska.

Ɗan Sawakin: Allah ya saka da alheri. Na duba aljihun teburin kicin, na ga robobin guda biyu, da na ɗauka matashin kofi ne. Jarkar Baturen lita biyar ce kawai, gobe zan shiga Bur Sudan neman ƙari. Kawu, wane irin shago zan fara tambaya, na fenti ko na kayan asibiti?