Shawarwari kan ƙaramar madatsar ƙasa ta gona

Abin da aka fi nanatawa a wani zama da na halarta kan kula da irin wannan madatsa shi ne a riƙa zagayawa bayan madatsar. Ruwa garau mai tsattsafowa kaɗan-kaɗan a sa masa ido. Amma in ya fito da laka, cikin madatsar ne ke zaizayewa, sai a rage ruwa a kira injiniya ranar. Wannan ya fi tayar min da hankali.

Kada bishiya ta girma a kai, saiwa in ta ruɓe hanyar ruwa ce. Haka ramin gafiya da shurin gara. A shuka ciyawa, a hana shanu tattakawa.

Kafin Agusta a share mafitar rarar ruwa. Dam ɗin Bagauda na jihar Kano ma ya fashe a 1988, balle ƙaramar madatsa. A karɓi lambobin wayar masu gidaje a gangare don a sanar da su in akwai haɗari.