Ina son bincike a giraf tiyori amma na rasa mai duba ni

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina aji uku a lissafi a wata jami'a nan arewa, kuma giraf tiyori (fannin da ke nazarin ɗigogi da layukan da ke haɗa su) nake so in yi furojet a kai, musamman hasashen nan na Ringel da Kotzig, wai kowace bishiya (wato ɗigogin da layuka suka haɗe su duka ba tare da an samu zagaye ba) mai layuka n za a iya raba wa ɗigoginta lambobi daga 0 zuwa n ta yadda bambancin da ke kan layukan zai ba da 1 har n ba maimaici. Na karanta abin da masanin lissafi Rosa ya yi a kan wannan a 1967, na rubuta ɗan kod a Python yana gwada ƙananan bishiyoyi, amma da ɗigogin sun ɗan yi yawa sai laftof ɗina ta ɗau zafi ta tsaya cak, ni kuma ban san ko hanyar tawa ce ba daidai ba.

Matsalar ita ce a dipatmen ɗinmu babu lakcara ko ɗaya da ke wannan fannin, wanda aka haɗa ni da shi ya ce in koma bangaren aljebra kawai in huta. Na duba REU, shirin bincike na ɗaliban digirin farko a Amurka, ashe kuɗin NSF, hukumarsu ta tallafa wa binciken kimiyya, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama na dindindin. AIMS kuma, cibiyar lissafi ta Afirka, sai ka gama digiri. Na tura wa farfesoshi shida imel tun watan jiya, shiru kake ji.

Tambayata ɗaya ce: akwai shirin bincike ta intanet da ke karɓar ɗalibin digirin farko daga Najeriya a wannan fannin?